Jirgin da Ya Makara

Shekara biyu da wata bakwai na yi a wani gida a garin Bowie na ƙasar Amurka ina jinyar wata tsohuwar Baturiya, kuma duk tsawon zaman nan ban taɓa zuwa ko kanti da ƙafata ba. Ba hana ni aka yi ba. Unguwar ce aka gina don masu mota. Gidaje a jere, ciyawa a gyare, titi fes, amma babu inda mutum zai taka ya sayo ko gishiri. Ni kuwa ban iya tuƙi ba. Iyakacin yawona akwatin wasiƙa ne da ke bakin titi, in je in dawo.

Mama nake ce wa tsohuwar, don bakina ya ƙi kiran sunan wadda ta kai sa'ar uwata. Da farko ta yi ta gyara mini, da ta gaji ta bar ni. Ta haura tamanin, idonta ya tafi, amma kunnenta da bakinta lafiyarsu lau. 'Yar Katolika ce irin ta da, wadda carbi ba ya barin hannunta. Ɗanta ɗaya, yana zaune a Virginia, ran Asabar yake zuwa da kayan cefane. Shi ne ya tsaya mini wajen neman takardar zama a ƙasar. Ranar da ya kai ni wurin lauya, lauyan ya dube ni ta saman tabarau ya ce kada in kuskura in bar ƙasar kafin takarda ta fito, in na fita to na rufe wa kaina ƙofa. Na ce to. Ban tambaye shi komai ba, don a inda na taso ba a yi wa babba tambaya bayan ya gama magana.

Mahaifina katikis ne, wato malamin coci, a wani ƙauye kusa da Kafanchan. Shekara arba'in yana koyar da katikizim, yana binne matattu in Fada, limamin cocin, bai samu zuwa ba. Da ƙuruciyarsa shi ne tafintan wani Fada Bature, yana bin sa ƙauye ƙauye a kan keke. Da Fadan zai koma ƙasarsu ya bar masa wani kwat mai ruwan ƙasa, mai faci na fata a gwiwar hannu. Wannan kwat ɗin ya fi mu gata a gidan. Ran Lahadi kawai Baba ke sa shi, ko rana na ƙona dutse, in ya dawo ya kakkaɓe ya rataye a ƙusa a bayan ƙofarsa. Ƙanena ya taɓa zura hannu ɗaya a ciki yana ɗan shekara goma, har yau in ana hira yana nuna inda bulala ta sauka.

A damina ta biyu da zuwana Baba ya kwanta, aka ce ƙoda ce. Tun daga ranar abu ɗaya ne a raina: in gan shi da idona, in riƙe hannunsa. Amma gaba kura, baya siyaki. In na tafi, shekarun da na yi ina jiran takarda sun bi ruwa, har da burin kawo 'yata ta yi karatu. In na zauna, ban san ko zan same shi ba.

Kullum bayan abincin rana, ƙarfe biyu, nakan zauna kusa da kujerar Mama in karanta mata littafi. Littafi ɗaya ne, wani tsoho mai jan bango da yayanta firist ya bari. Labarin firistocin ƙungiyar Jesuit ne na farko da suka shigo wannan ƙasa da bishara, suka mutu a hannun 'yan asalin ƙasar, waɗanda a makarantarmu ake ce wa jajayen Indiyawa. In mun kai ƙarshe sai ta ce a koma farko. Akwai waɗanda aka gutsure wa yatsu, akwai waɗanda aka ƙona. Ni da na yi shekaru a ɗakin haɗari na asibiti a Kaduna, sai in ajiye littafin in sha ruwa, ita kuwa tana jan carbi tana gyaɗa kai kamar ana ba ta labarin biki.

Wanda ta fi so shi ne na waɗanda suka sauka a bakin wani kogi a Virginia, shekara ɗari huɗu da ɗoriya da suka wuce. Ta ce daga gidan nan bai fi tafiyar awa uku ba. Su takwas ne, firistoci da masu taimaka musu. Sun zo babu soja ko ɗaya, don sun dogara da tafintansu. Shi tafintan ɗan wurin ne. Tun yana saurayi Turawa suka tafi da shi a jirgin ruwa, aka kai shi har fadar sarkinsu, aka yi masa baftisma, aka sa masa sabon suna da sabbin kaya. Ya yi kusan shekara goma a hannunsu daga wannan ƙasa zuwa waccan, yana so ya koma gida. A ƙarshe ya ce shi zai kai su wurin mutanensa su yi wa'azi, sai aka sa shi a jirgi tare da su.

Suka iso suka tarar ana fari, mutanen gari ma ba su da abin da za su sa a baki. Jirgin ya sauke su ya juya. Ba a daɗe ba tafintan ya tafi wurin danginsa, waɗanda suka ɗauka ya daɗe da mutuwa, ya ƙi dawowa. Firistocin suka yi wata da watanni a bukka cikin sanyi, ba harshe, ba hatsi, suna aika masa yana yin kunnen uwar shegu. Uku suka bi shi, aka kashe su a hanya. Bayan 'yan kwanaki, in ji littafin, ya zo bukkar da mutanensa, suka ce a ara musu gatura su saro itace. Da gaturan aka gama da sauran.

Duk sanda muka zo nan sai Mama ta buga hannun kujera.

“Maci amana! Sun ciyar da shi, sun tufatar da shi, sun koya masa Allah.”

Ni dai in ci gaba da karatu. Kisa kisa ne, ban taɓa cewa ya kyauta ba. Firistocin nan in na rufe ido fuskar Baba nake gani a jikinsu, da irin taurin kansa da yadda yake yarda da mutum. Amma shekara goman nan ta tsaya mini a wuya. Na san yadda ake ci a ƙoshi a gidan mutane, a yi godiya safe da yamma, zuciya kuma tana can wani wuri. Wata rana na kasa haƙuri na ce, “Mama, wa ya tambaye shi ko yana so ya zauna?”

Ta juyo da makafin idanunta wajena. “Da ba ya so ai sai ya faɗa.”

Na ce a raina, wannan baiwar Allah ba ta taɓa zama a gidan wani ba.

To, ga inda na yi wa kaina. A wurinmu in aka tambaye ka mai jiki, amsa ɗaya ce: da sauƙi. Ko ana ɗiga masa ruwa da cokali, da sauƙi. Ba ƙarya ake yi ba. Ba a yi wa mara lafiya mugun baki ne, ba a kuma yanke wa Allah hukunci. Mai tambayar shi ma ya san haka, don haka ba bakinka yake saurara ba, fuskarka yake kallo da yadda ka ja numfashi kafin ka amsa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Da a gida ne, uwar ɗakina na ganin na rame na daina raha za ta kira ni gefe ta ce, “Ke, shirya ki je ki ga mahaifinki.” Ba sai na roƙa ba. Roƙon wanda yake ɗawainiya da kai abin kunya ne.

Sai ga ni a gidan makauniya. Kowace safiya ina ba ta magani za ta ce, “Yaya babanki?” In ce yana samun sauƙi, mun gode Allah. Ran Asabar ɗanta yana jera kaya a firji zai tambaya, in ba shi amsar nan, in tsaya ina jira ya ɗago ya ga idona. Sai ya ce madalla, ya ci gaba da neman inda zai sa madara. Har haushinsa nake ji. Ina cewa wane irin mutum ne wannan da ba ya gani? Wata huɗu ina jin haushin mutumin da bai yi komai ba sai yarda da maganata.

A can gida ma abin da ake yi mini ke nan. Da safe kafin Mama ta tashi nakan kira ƙanena, wanda ke jinyar Baba. “Yaya, da sauƙi sosai. Yau har kunu ya sha.” In aka miƙa wa Baba waya, muryar ta zama kamar zare, amma sai ya ce, “Da sauƙi, 'yata. Ki riƙe aikinki. Ki gaishe mini da tsohuwar.” Ni na san yaren, na san abin da “har kunu ya sha” ke nufi ga mutumin da ke tashi da malmala uku ta tuwo. In ajiye waya in shiga banɗaki in buɗe famfo in yi kukana, in wanke fuska in fito in dafa ƙwai.

Wata Talata cikin Nuwamba muka sake zagayowa kan labarin Virginia. Akwai wurin da littafin ya kawo wasiƙar da firistocin suka ba matuƙan jirgi kafin ya juya. Na sha karanta ta, amma ran nan ne na ji ta. Ba su yi wani kewaye-kewaye ba. Sun ce ƙasar na cikin yunwa, abincinsu ba zai kai ba, a aiko da hatsi da gaggawa, kada a jinkirta. Mutanen Allah, masu azumi da haƙuri, amma da suka ga rami sun ce rami ne. Sai na tsaya a tsakiyar layi.

Mama ta ce, “Me ya faru? Kin tsaya.”

Na ce, “Mama, babana mutuwa yake yi.”

Carbin ya tsaya a hannunta. “Da safen nan kika ce yana samun sauƙi.”

“Haka muke cewa.”

“Haka kuke cewa? Tun yaushe?”

“Tun watan Yuli.”

Ban taɓa ganin ta yi fushi irin na ranar ba. Ta ce wata huɗu tana yi wa Allah godiya a kan mutumin da ya kamata ta yi ta roƙa masa. Ta ce na sa ta yi addu'ar da ba ita ba. Ta ce ita makauniya ce, ba boka ba, ta ina za ta sani? Sannan ta lalubo hannuna ta riƙe gam, ta ce in danna mata lambar ɗanta yanzu-yanzu, ko yana gaban shugaban ƙasa ne.

Kwana biyu bayan nan muna ofishin lauya. Ya saurare ni, ya cire tabaran, ya ce ai akwai takardar izinin tafiya da ake nema wa wanda ke jiran takardar zama, ya je ya dawo ba abin da ya lalace. In akwai rashin lafiya mai tsanani ma ana iya roƙon a hanzarta. Ya ce da na faɗa tun Yuli da tuni na je na dawo. Ɗan Mama ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce, “Me ya sa ba ki gaya mana ba?” Ashe ƙofar da na yi wata huɗu ina kuka a bayanta ba a kulle take ba, turawa ce ban yi ba. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.

Abu ɗaya lauyan ya nema: takarda daga likitan Baba, wadda ta faɗi halin da yake ciki ƙarara. Na kira ƙanena na yi masa bayani. Bayan mako guda ya turo hoton takardar. Na karanta a tsaye a kicin, na ji kamar in yi jifa da wayar. An rubuta cewa majiyyacin yana karɓar magani, kuma ana sa ran samun sauƙi.

Na kira shi. “Kai, wannan mece ce?”

“Takardar da kika ce, Yaya.”

“Na ce a rubuta gaskiya! A rubuta cewa ƙodar ta daina aiki, kwanakinsa sun ƙare!”

“Haba Yaya. Ni in je in ce wa likita ya rubuta Baba zai mutu? Da bakina? Yana kwance yana ji? Likitan ma ya fara rubuta wani abu mai nauyi, ni na roƙe shi ya sassauta. Rai ai na Allah ne.”

Na zage shi tas, abin da ban yi ba tun muna yara. Na ce masa shi da takardarsa su ne za su hana ni ganin ubana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ke da kike can, sau nawa kika faɗa musu?” Gaskiya ya faɗa, kuma har yau ina jin zafinta.

Sai da aka ƙara kwana goma sha biyu kafin takarda ta biyu ta zo, don likitan ya yi tafiya. Wannan karon an rubuta komai. Ƙanena ya ce da ya karɓo ta bai iya shiga ɗakin Baba da ita a aljihu ba, a wurin maƙwabci ya ajiye. Lauya ya haɗa ya aika, ya ce sai jira.

Jiran nan shi ne mafi tsanani a duk zamana a gidan. Na haɗa jakata na ajiye a bakin gado. Na sayi safa masu kauri ta hannun ɗan Mama, don Baba na yawan kukan sanyin ƙafa. Motar mai wasiƙa takan zo wajen ƙarfe uku, daidai muna tsakiyar karatu. Mama kan riga ni jin ƙararta, ta ce, “Ajiye littafin, je ki duba.” In fita cikin sanyi ba ko rigar kirki, in buɗe akwati, in tarar da tallan kantuna da takardun asibitinta. In dawo, ba ta tambaya, daga takuna take ganewa. Ta koma ce wa Allah abin da take so kai tsaye, da ƙarfi, kamar mai yi wa ɗan haya magana.

Kirsimeti ya zo ya wuce. Wajen ƙarshen Disamba na daina samun Baba a waya. In na kira sai ƙanena ya ce yana barci, ko ya ce yanzu aka ba shi magani, ko ya ce layin ba kyau. “Amma da sauƙi, Yaya.” Ni da na san yaren nan kamar yunwar cikina, sai na ƙi fassarawa. Na ce mai ciwon ƙoda ai barci ne aikinsa.

A cikin kwanakin ne muka karanta ƙarshen labarin Virginia. Jirgin hatsin ya zo daga baya, bayan sanyi ya wuce. Da matuƙan suka matso kusa da gaɓa, sai suka hango mutane sanye da dogayen baƙaƙen rigunan firistoci suna kai da kawowa a bakin ruwa. Suka yi murna. Da suka ƙara matsowa suka ga rigunan ne dai, amma fuskokin ba su ba ne. Mama ta ce wannan wurin ya fi gaturan ciwo a wurinta, ta yi alamar gicciye. Na rufe littafin na kai ta ta kwanta.

Takardar ta zo ran wata Alhamis cikin Janairu. Na buɗe ambulan a nan bakin titi. Sunana ne, hotona ne, an ce in je in dawo. Ban ko koma cikin gida ba. Na ce yau ko barci yake sai an tashe shi, ya ga takardar da idonsa. Na kira ƙanena ta bidiyo, abin da ba mu cika yi ba saboda layin ƙauye.

Ya ɗauka a ƙofar gida, ƙarƙashin fitilar da ke saman ƙofa. Da alama bai lura bidiyo ba ne sai da fuskata ta fito. Na ɗaga takardar ina ihu, “Ta fito! Ta fito! Jibi ina hanya! Kai masa waya!”

Ya ce, “Kai, mun gode Allah, Yaya. Ki taho kawai.”

“Yaya jikin nasa?”

“Da sauƙi.”

Sai a lokacin na dube shi sosai. Ana sanyi a can ma, ya rufe jikinsa har wuya. Ruwan ƙasa. Da ya ɗaga hannu ya gyara wayar na ga facin fata a gwiwar hannun. Ran Alhamis ne, ba Lahadi ba.

Na ce, “Kwat ɗin wa ke jikinka?”

Ya sunkuya ya dubi ƙirjinsa kamar yanzu ya fara ganin rigar. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, hawaye ya riga ya kai haɓarsa.

“Yau kwana goma sha tara, Yaya. Shi ya ce kada a gaya miki sai kin iso, kada ki tayar da hankalinki ki ɓata takardunki.”

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye a wurin ba. Na dai san motoci biyu sun wuce, wata maƙwabciya ta ɗaga mini hannu na ɗaga mata. Na rufe akwatin wasiƙar na tako zuwa ƙofa. Mama na zaune inda na bar ta, littafin a cinyarta, ta juyo da fuska tun kafin in shigo.

“Ta zo?”

“Ta zo, Mama.”

“Babanki fa?”

Amsar da na saba ta taho har kan harshena, don shekara arba'in da shida nake faɗinta. Na haɗiye ta. Na durƙusa a gaban kujerar na sa kaina a gwiwarta, na gaya mata da bakina cewa babana ya mutu, an binne shi, ban gan shi ba.